Yadda za ka zaɓi wurin kwana a shekararka ta biyu a jami'ar Damagaram

Ɗakin da ka kwana a cikinsa shekarar farko, da wuya a ce kai ka zaɓe shi. Ka ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ka sauka tasha da akwati da tabarma, mahaifinka ya riga ya kira wani ɗan'uwa a Birni ko Sabon Gari ya ce masa ga yaro nan tafe, ko kuwa wani ɗan garinku da ya riga ka shiga jami'a ya matsa maka gefen katifarsa. Ka karɓa, ka yi godiya. A shekara ta biyu kuwa ka san gari, ka san nisan aji daga inda kake kwana, ka san watan da pampo ke ƙafewa, ka san wanda za ka iya zama da shi da wanda gaisuwa kaɗai ta dace tsakaninku. Zaɓi ya dawo hannunka, kuma ina so ka yi shi da natsuwa, domin na ga ɗalibai masu ƙoƙari da karatunsu ya ja baya, ba don kansu ba ya ja ba, sai don wurin kwanansu ya cinye musu barci da lokaci da ɗan kuɗin da ke hannu.

A Damagaram kuɗin haya shi ne ƙaramin kaso a cikin tsadar ɗaki. Ruwa da hanya da mutanen da za ka zauna da su, su ne ke nuna ko ɗaki mai araha ne ko mai tsada. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Fara nema tun ba a gama jarrabawa ba

Abin da aka fi yi shi ne a gama jarrabawar zango na biyu, a ɗaure kaya a tafi gida Magarya ko Gure ko Matamaye, a ce in an dawo a nema. Ran da ka dawo, sababbin masu bak sun cika gari, ɗakunan kirki sun tafi, dillalai kuma sun ga matsi a fuskarka. Lokacin nema shi ne makonnin ƙarshe na shekarar farko, sa'ad da ƴan shekara ta uku ke shirin tattara nasu ya nasu. Su za ka fara tuntuɓa. Wanda ya shekara biyu a ɗaki ya san inda yake yoyo, ya san halin mai gida, kuma in ya kai ka da kansa ya ce, "Baba, ga ƙanena, shi zai gaje ni," ka tsira daga la'adar dillali, ka kuma shiga gidan da mutunci.

Kafin ka fita, zauna da takarda ka rubuta abin da ya fi cutar da karatunka bara. Makara ce saboda nisa? Hayaniyar dare? Aiken gida? Yunwa a ƙarshen wata? Abu guda ko biyu za su fito fili, kuma su ne sabon wurin dole ya magance. Sauran buƙatu ana iya haƙuri da su.

Sai ka nemi ƴan shekara ta biyu na sashenku ka tambaye su yadda makonsu yake: ranakun da ake shiga da sassafe, ranakun da ake kaiwa magariba, da inda ake yin aikin gwaji. Jami'ar André Salifou tana bakin gari ne, kan hanyar Tanut, amma ba kowane ɗalibi ne karatunsa ke tsayawa cikin harabarta ba. Mai karatun likita, da tafiya ta yi tafiya, ƙafarsa ɗaya tana babban asibitin ƙasa da ke cikin gari. Ɗan IUT, wato cibiyar koyon fasaha ta jami'ar, yininsa a cike yake, ga fita aikin fili. Wanda kuma ya haye da bashin darasi, tun da a tsarin karatu na LMD (lisans, masta, dakta) kowane zango kiredi 30 ne ake tarawa daga darussan da aka ci, shekara 60, zai riƙa bin aji biyu, zirga-zirgarsa ta ninka. Wurin da ya dace da abokinka na sashen adabi ba lalle ya dace da kai ba.

Ajiye dosiyenka a CROU ko da niyyarka cikin gari ce

CROU ita ce ma'aikatar da ke kula da kwanan ɗalibai da abincinsu da motocinsu da lafiyarsu. An kafa jami'ar a 2010, tare da ta Maraɗi da ta Tawa, kuma tun daga lokacin yawan ɗalibai ya fi yawan gadaje gudu. Saboda haka ba kowa ke samun wuri a site ba, wato gidajen kwanan ɗalibai, kuma samun da ka yi bara ba hujja ba ce ta cewa bana ma naka ne. Je da ƙafarka ka karanta sanarwar da aka liƙa, ka tambayi wakilan ƙungiyar ɗalibai ranar buɗewa da ranar rufewa, kada ka dogara da abin da aka turo a WhatsApp, wanda sau da yawa na bara ne ake sake yawo da shi.

Tanadi takardunka tun da wuri cikin leda guda: katin ɗalibi, shaidar rajista, takardar sakamakon shekarar farko, katin ɗan ƙasa, da hotunan fasfo. Yi wa kowace kwafi biyu, ka ɗauki hotonsu a waya. Duk kuɗin da ka biya, karɓi rasit. In kana da naƙasa, ko ciwon da ke buƙatar kusanci da likita irin su sikila ko asma, faɗa tun wurin ajiye dosiye, da takardar likita a hannu. Ba roƙo ba ne, bayani ne da masu rabon ɗaki ke buƙata.

Abu ɗaya nake roƙonka ka guje masa: sayen gado a hannun wani ɗalibi. Gadon da ba sunanka a rajista ba naka ba ne. Ran da aka zo bincike, kai za a fitar, kuɗinka kuma ya tafi, ba wanda za ka kai wa ƙara.

A ganina, ga wanda iyayensa ba masu hali ba ne, site ita ce ta fi, in an samu. Da ƙafa kake shiga aji, ga resto, wato gidan abincin ɗalibai, da tikiti mai rangwame, ga abokan bita a ƙofar ɗaki. Wahalarta cunkoso ne. Ɗakin da aka yi wa mutum kaɗan sai ka tarar masu raɓawa sun ninka masu shi, kuma ba mugunta ba ce, kai ma wataƙila haka aka raɓa ka bara. Amma ku zauna ku ƴan ɗakin tun makon farko ku yanke mutum nawa za ku iya ɗauka, da tsawon lokacin da za su yi. Wannan har lafiya ya shafa. Muna cikin yankin sanƙarau, an kuma yi fama da annobarsa a jihar Damagaram daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, kuma cuta ce da ke son ɗaki rufe mai cike da numfashi a lokacin hunturu da bazara. In an zo rigakafi ka yi, taga kuma a bar ta tana shan iska.

Yi lissafin wata guda, ba na haya kaɗai ba

Rubuta abin da ke shigo maka tabbas kowane wata. Bursu ko tallafin da ANAB, hukumar tallafin karatu ta ƙasa, ke bayarwa ka sa shi gefe guda, domin duk wanda ya shekara a jami'a ya san ba kullum yake zuwa ran da aka sa rai ba, mai gida kuwa ƙarshen wata ya sani. Ka ɗauki ɗakin da za ka iya biya da abin da gida ke aikowa ko abin da hannunka ke samowa. In bursu ya faɗo, ka biya wata biyu ko uku gaba.

Ga misali, da adadin da na ɗauka don lissafi kawai (jika ɗaya dala 200 ce), kai sai ka sa naka. A ce ga ɗaki a can cikin gari a jika 8, ga wani kusa da jami'a a jika 15. Na farkon ya fi daɗin ji. To amma in kabu-kabu na karɓar dala 40 zuwa, dala 40 dawowa, kwana 26 a wata, ka kashe jika 10 da dala 80 a hanya kaɗai. Ɗakin jika 8 ya haura jika 18 ke nan, ba a sa ranar da aka ɗage darasi zuwa yamma ka yi sawu biyu ba. Motar ɗalibai tana rage wannan nauyi sosai, sai dai ka duba ko ɗakin yana kusa da inda take tsayawa, da kuma ko lokacinta ya yi daidai da na ajinku. Mai keke ya huta da rabin wannan magana, kuma keken hannu na biyu yana mayar da kuɗinsa cikin watanni kaɗan.

A ƙarƙashin haya da hanya, ƙara ruwa, wuta, gas ko gawayi, kuɗin kwashe shara, da abinci. Wanda ya zauna nesa da resto, girki ya hau kansa, girki kuma lokaci ne da ruwa.

Ruwa: nan za ka daɗe

Ɗan Damagaram ba ya buƙatar a ba shi labarin ruwa. Garin a kan dutse yake zaune, ƙarƙashinsa ba ya riƙe ruwa mai yawa, shi ya sa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Ƙarancin ruwa ma yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. An yi ayyuka, an samu sauƙi, amma har yanzu in bazara ta kama akwai unguwannin da pampo ke kwanaki bai ɗiga ba, akwai waɗanda sai tsakar dare yake zuwa. Wani lokaci layi biyu ne a unguwa guda, na gangare yana samu, na tudu yana kallo.

Saboda haka ganin kan pampo a tsakar gida ba ya nufin komai. Murɗa shi da hannunka. Duba ƙasan wurin: in akwai danshi da gansakuka, yana kawowa, in ƙasa ta bushe ƙurmus, an jera jarkoki ashirin a gindinsa suna jiran tsammani, ka samu amsa. Kada mai gida ko dillali su zama su kaɗai ka tambaya. Nemi matar da ke haya a gidan, ko maƙwabciya, ka gaishe ta da ladabi:

"Inna, ina wuni? Ɗalibi ne ni, ina duba ɗakin nan. Don Allah yaushe rabon pampo ya kawo ruwa?"

"Ɗana, yanzu da sauƙi. Amma in zafi ya shigo, sai ƙarfe uku na dare muke tashi tara."

Wannan amsar ta fi duk abin da za a gaya maka a zaure. Ci gaba da tambaya: a watan Afrilu da Mayu nawa ƴan garuwa ke sayar da jarka? Suna shigowa layin, ko sai an bi su? Akwai rijiyar burtsatse ko pampon unguwa kusa? Gidan yana da tanki ko randuna? Takardar ruwa yaya ake raba ta, bisa ɗaki ko bisa kai? Wannan ta ƙarshen tana haddasa rigima, domin kai kaɗai ne a ɗakinka, maƙwabcinka yana da iyali takwas da wanki kullum, in aka raba bisa ɗaki kai ke biya musu.

Jarka mai lita 25 ita ce kusan abin da mutum guda ke ci a yini in ya haɗa sha da alwala da wanka da ɗan girki, ban da wanki. Ninka kuɗinta na bazara sau 30, ka ƙara a lissafinka. Ka kuma tuna ɗalibin da ke tashi ƙarfe uku yana tara ruwa, ƙarfe takwas yana gyangyaɗi a aji. Ni dai in aka ba ni zaɓi tsakanin ɗaki mai fenti da tayil marar ruwa, da ɗakin siminti tsurarsa a gidan da ke da tanki, na biyun zan ɗauka ban waiwaya ba.

Je ka ga ɗakin da rana tsaka, da dare, da bayan ruwan sama

Dillali ya fi son ya kai ka da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da kowane ɗaki ke da daɗi. Kai ka koma da azahar. Shiga ka rufe ƙofa ka tsaya minti biyar. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin mai taga ɗaya kuwa tanderu ne, ba mai iya riƙe littafi a ciki. Nemi mai taga biyu da iska ke ratsawa, ko wanda bishiya ko katanga ke kare bangonsa na yamma, domin bangon da ya sha ranar yamma har tsakar dare yana fitar da zafi. Tambayi ko ana iya kwana a tsakar gida in zafi ya tsananta, kuma ko akwai tsaro in an yi hakan. Ɗakin ƙasa ya fi sanyi, amma sai an duba lafiyarsa da kyau.

Damina ce ke tona asirin gini. Ɗaga kai ka nemi tabon ruwa a silin. Duƙa ka duba gindin bango: in akwai layin da launi ya sauya, ko siminti yana ɓarewa da gishiri-gishiri, ruwa ya taɓa kwanciya har nan. Dubi dokin ƙofa, ya fi titi tudu ko titi ya fi shi? Gidan da ke kusa da tafki ko kan hanyar ruwa, ko kyauta aka ba ka ka yi tunani. Daminar 2024 ba ta da nisa a zukatanmu, wadda a farkon Satumba ta rushe tsohon masallacin Birni, ginin da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ta kuma kwantar da gidaje masu yawa. Tsagewar da ta bi bango daga sama zuwa ƙasa ba abin da za a ce "za a gyara" ba ne. Kuma inda ruwa ke kwanciya nan sauro yake, zazzaɓin cizon sauro kuwa ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da wasu sassan ke jarrabawa ko komawa.

Da dare kuma abin dubawa daban ne. Layin yana da haske? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida, kuma wa ke riƙe da makulli? In akwai fada a ƙofar gidan, tsaya ka gaisa da su ka ga irin zaman da suke yi. Wata fadar shayi ce da hira, kuma su ne masu gadin layin, baƙon fuska ba ya wucewa ba su gani ba. Wata kuwa kiɗa ne har asuba. Kada ka yanke wa unguwa hukunci da sunanta, layin da za ka zauna shi za ka auna.

Sai makewayi. Shiga ciki, kada kunya ta hana ka. Mutum nawa ke amfani da shi, yana da ƙofa mai sakata, ramin ya kusa cika, wa ke biyan kuɗin kwashewa? Wuta kuma, tambayi ko kontar ɗin, wato mitar wuta, na ɗakin ne ko na gida duka. In na tarayya ne, san wanda ke da firji da wanda ke da dutsen guga kafin ka yarda da rabo. Gwada kowane soket da cajar wayarka, ka duba ko akwai wayoyi tsirara. Ka gwada rezon waya ma daga cikin ɗakin, tun da yanzu rabin darasi ta waya ake turo shi. Ko ina ka zauna, tanadi fitila mai caji da rana. Wanda ya ga yadda aka yi daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ya san karatun dare ba a jingina shi ga kuran kaɗai.

Wanda za ku raba ɗaki

Abokin hira daban, abokin zama daban. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, sai dai saɓanin yana raguwa in an yi maganar da ke da nauyin faɗa tun kafin a shimfiɗa katifa. Ƙarfe nawa kake kwanciya? Da ƙarfi kake karatu ko a zuci? Kana shan taba? Baƙinka na kwana? In kuɗinka ya makara, wa zai cike, kuma zuwa yaushe? Tukunya ɗaya za mu yi ko kowa tasa? In tukunya ɗaya ce, ku sayi ƙaramin littafi ku riƙa rubuta wanda ya sayi shinkafa da wanda ya cika gas. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke hana zargi.

Na fi son ɗan ajinku ko ɗan sashenku, saboda lokacin jarrabawarku ɗaya ne. Sassan jami'a ba tare suke tafiya ba, wani na tsakiyar jarrabawa wani ya fara hutu, kuma mai hutu ba ya jin nauyin dare yadda kake ji. Mutum biyu ko uku sun isa ɗaki guda. Daga huɗu, arahar da aka samu a barci ake biyan ta.

In gidan dangi za ka ci gaba da zama

Wannan shi ya fi kowane sauƙi a aljihu, kuma akwai albarka a cikinsa: abinci, kulawa in ka kwanta ciwo, da babba da zai tsaya maka. Abin da yake ci shi ne lokaci. Aike, jiran shago, kai yara lakwal, baƙi a zauren da kake karatu. In za ka zauna, nemi lokacin da kawunka yake cikin natsuwa ka ce, "Kawu, bana karatun ya ƙaru. Ina neman alfarma a bar mini daga isha'i zuwa sha ɗaya, sauran lokaci duk abin da ake so ina nan." Mafi yawan manya suna jin wannan in an faɗa da ladabi. Kai ma kada ka zauna hannu rabbana: in ka dawo daga gida ka riƙo ɗan hatsi ko wake, ka riƙa yi wa yaran gidan bita.

In kuwa tashi za ka yi, kada a wayi gari a ga ɗaki wayam. Mutanen nan sun riƙe ka shekara guda. Bari mahaifinka ko wani babba ya fara yi musu magana, ya ce don kusanci da makaranta ne, sa'an nan kai ka durƙusa ka yi godiya, ka kuma riƙa leƙowa ranar Juma'a.

Ke kuma ƙanwata, duk abin da na faɗa ya shafe ki, da ƙari. A gidan dangi aikin ya fi faɗowa kanki, girki da wanke-wanke da raino, har ki rasa lokacin buɗe littafi, kuma kunya ta hana ki magana. Sa mahaifiyarki ko yayarki su yi miki maganar. In haya za ki kama, ku haɗu ku biyu ko uku, ku nemi gidan da akwai matan aure ko dattijuwa a ciki, mai makewayi a cikin gida, ba wanda sai an fita waje da dare ba. Kada ki je duba ɗaki ke kaɗai da dillali. Ki lura da hanyar da za ki bi in an tashi aji bayan magariba, ki kuma riƙe lambar ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita guda da kuka sani, wanda gida ma suka san shi. In aka samu wuri a ɓangaren mata na site, yawancin iyaye hankalinsu ya fi kwanciya da shi, kuma ina ganin suna da gaskiya.

Magana da mai gida, da rubuta ta

Ko ɗaki guda ne, irin wanda ake ce wa antire-kushe, ko ɗaki da falo, ko ɗaya daga jerin ɗakunan haya na selibateriyam, kada ka ba kowa ko dala sai ka ga mai gidan ido da ido, ko wakilin da maƙwabta suka shaida. Dillali a tsayar da la'adarsa tun kafin ya ɗaga ƙafa, kuma sai makulli ya shiga hannunka za ka biya shi. In zai yiwu tafi da babba, ko da limamin masallacin da kake salla ne ko wani malaminka. Yaro shi kaɗai ana yi masa wani farashi, yaro da babba a bayansa ana yi masa wani.

Rubuta yarjejeniyar, ko da Hausa ce a takardar littafin makaranta. A sa kuɗin wata da lamba da kuma kalmomi, ranar biya, kuɗin ajiya nawa ne da sharaɗin mayar da shi, wanda gyaran yoyo da kwashe masai ke kansa, yadda ake raba ruwa da wuta, da kwana nawa za a sanar kafin tashi ko ƙarin kuɗi. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali mai unguwa ya sani.

Akwai wurare biyu da ɗalibai ke yawan faɗawa. Na farko, kada a rubuta "shekarar karatu", a rubuta wata-wata, domin shekarar jami'a takan zarce lokacin da aka tsara, ga kuma jarrabawar gyara. Na biyu, maganar hutu. Tambaya ƙarara: "Alhaji, in na tafi gida wata biyu na bar kayana, cikakken kuɗi zan biya ko za a rage mini?" Wasu suna ragewa, wasu ba sa yi, amma gara ka ji tun yanzu. In ta Nita ko Airtel Money ka biya, adana saƙon. In hannu da hannu ne, a rubuta a littafinka mai gida ya sa hannu. Kuma kada ka saki wurin da kake ciki, ko ka janye dosiyenka na site, sai wannan takarda ta kammala.

Ranar tarewa

Share ɗakin ka fesa maganin ƙwari kwana guda kafin ka kai kaya, ka shanya katifa a rana, musamman in ta hannu ce, saboda kuɗin cizo. Ɗauki hoton bango da ƙofa da taga yadda ka same su, da lambar da ke kan kontar, don ranar da za ka nemi kuɗin ajiyarka. Sauya kwaɗo da naka. Ɗaura gidan sauro tun daren farko. Tukunyar gas a ajiye ta inda iska ke shiga, nesa da katifa, gawayi kuma kada a kwana da shi a ɗaki rufe komai sanyin hunturu, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba. Cika jarkokinka biyu kafin ka buƙace su.

Da yamma bi maƙwabta ɗaki-ɗaki ka gaishe su, ka faɗi sunanka da garinku da abin da kake karantawa. Gano kantin magani da gidan likita mafi kusa. Sai ka kira gida ka kwatanta musu wurin dalla-dalla, ka ba su lambar mai gida da ta abokin zamanka, makulli na biyu kuma ka ba wanda ka amince da shi a cikin gari.